An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙura da Faya-fayan Kudancin Kano

A Kwanar Ɗangora, ko Tiga, ko cikin garin Tudun Wada, ko can Riruwai, akwai wata gajeriyar magana da ta zama tamkar hukuncin alƙali a shagunan kwamfuta da na masu ɗaukar hoto: "Ai ƙura ce." Mutum ya kawo faifan DVD na bikin 'yarsa, ko na saukar karatun ɗansa, a saka a na'ura, ta yi ta juyi tana ƙugi, can ta turo shi waje ba tare da ta nuna komai ba. Mai shago ya ɗaga faifan, ya kara shi a haske, ya goga a gefen rigarsa, ya sake sakawa. Idan ya sake ƙi, sai a yanke hukuncin. Mai faifai ya karɓi abinsa ya tafi, kowa ya gamsu cewa iskar hunturu ce ta yi ɓarna, ita kuwa ba a kai ta ƙara.

Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya tsantsa wuyar kamawa. Ƙura tana kashe na'urar karanta faifai, babu musu. Amma ƙurar da ta kai ga idon na'ura hanya aka buɗe mata, kuma yawancin hanyoyin nan ana iya toshe su da kuɗin da bai kai na man janareta na yini guda ba. Abin da ake kira ƙaddara a nan sakaci ne da ya daɗe har ya sami rawani.

Ƙurar kanta kala biyu ce, kuma masu jingina laifi ga sama ɗaya kawai suke ambata. Ta farko ita ce hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tsakanin Nuwamba da Maris. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wurin da a da can ruwan tsohon babban tafkin Chadi ya kwanta. Masana yanayi suna lissafa wannan kwari a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ita wannan ƙura laushi gare ta kamar hoda, tana shiga ɗakin da aka kulle, kuma ba wanda ya isa ya hana ta zuwa. Ta biyu kuwa ta gida ce: ƙurar manyan motoci a hanyar Kano zuwa Zariya da wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Jos, ƙurar hanyoyin ƙauye marasa kwalta, ƙaiƙayin injin casar shinkafa, burtuntunar sussukar masara a kaka, da sharar safe da ake yi da busasshiyar tsintsiya alhali kwamfuta tana kunne. Bodele ba ta da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan yanki. Kudancin Kano, musamman Doguwa, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Ƙurar da ta kwanta a cikin na'ura lokacin rani ba ta tashi da zuwan damina. Danshi ne ke samun ta a nan, ta jiƙe, ta daskare, ta zama ɓawo a kan ido da kan sandunan da idon ke tafiya a kansu. Idan aka haɗa da hayaƙin janareta, da na maganin sauro, da turaren wuta, waɗanda ke barin maiƙo siriri a kan duk abin da suka taɓa, an samar wa ƙura manne kyauta. Don haka na'urar da ta tsallake hunturu da ƙyar takan ƙarasa mutuwa a watan Agusta, lokacin da babu hazo ko kaɗan balle a zarge shi.

Sai mutum ya san ƙanƙantar abin da ke kan faifai kafin ya gane girman wautar goga shi a riga. Bayanan da ke kan faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, suna jere ne a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa gefe, tsawonsa ya haura kilomita 5. Tazarar da ke tsakanin zagaye ɗaya da na kusa da shi maikiromita 1.6 ce. A faifan DVD tazarar ta ragu zuwa 0.74. Kaurin gashin mutum guda yakan kai maikiromita 70, wato zagaye fiye da 40 na CD, ko fiye da 90 na DVD, za su kwanta a ƙarƙashin sili ɗaya. Jikin faifan kuwa roba ce mai suna polikabonet, mai taushi. Ƙurar ƙasa tana ɗauke da ɓurɓushin ma'adinin yashi, wanda ya fi wannan roba tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗora ƙyalle a kan faifai mai ƙura ya murza, takardar goge katako ya murza masa. Idan kuma da'ira ya bi wajen murzawar, kamar yadda hannu ya saba, ƙarzunar za ta kwanta a kan layin bayanan ne tsawonta duka, ta shafe dogon zango a jere.

A nan ya kamata a yi wa injiniyoyin da suka ƙera faifai adalci, domin sun yi tanadin ƙura tun farko. A CD, bayanan suna can ƙarƙashin roba mai kaurin kusan milimita 1.2 daga fuskar da haske ke shiga; a DVD suna tsakiya, a zurfin milimita 0.6. Hasken leza yana shiga da faɗi, sai ya tsuke a daidai kan bayanan, saboda haka ƙwayar ƙura da ke saman fuska takan zama kamar ƙuda a gilashin taga ga mai hangen nesa: tana nan, amma ba ta tare gani. Bayan haka akwai lissafin gyaran kuskure, wanda ya samo asali daga aikin Irving Reed da Gustave Solomon na 1960, da ke ba na'ura damar cike gurbin da ƙarzuna ta ci matuƙar gurbin bai yi tsawo ba. Shi ya sa ƙarzunar da ta taso daga tsakiya zuwa gefe ba ta cika yin illa ba, domin kowane zagaye ɗan tsinke kawai ta taɓa masa. Faifai abu ne mai haƙuri, kuma haƙurin nasa ne ya ruɗi jama'a har suka ɗauka ba ya jin komai.

Amma duk wannan haƙuri na lokacin karatu ne. Lokacin ɗora bayanai a kan sabon faifai labarin daban yake, kuma nan ne ainihin ɓarnar ta auku a shekarun da kowane lungu ke da mai buga faifai. Faifan da ake saya babu komai a kansa yana da shimfiɗar rini siririya a ciki. Na'ura tana ƙara wa lezarta ƙarfi ninki da yawa a kan na karatu, ta riƙa ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, waɗannan tabban su ne rubutun. Idan akwai ƙura ko zanen yatsa a fuskar faifan a wannan lokaci, inuwarsu tana rage zafin da ke isa ga rinin, tabon ya fito a raunane ko ya ƙi fitowa. Wannan lahani ya zauna ke nan. A wanke faifan da ruwan zamzam ma daga baya, abin da ba a rubuta ba ba zai bayyana ba.

Ko kafin ta fara rubutu, na'ura takan gwada ƙarfin haskenta a wani ɗan fili da aka keɓe kusa da tsakiyar faifan, don ta san gwargwadon zafin da rinin ke bukata. Idon da ƙura ta dusashe yakan sa gwajin ya karkace, ko ya faskara ɗungurungum. Mai shago ya ga saƙon kuskure a allo, ya ce faifan jabu ne, ya jefar, ya ɗauko wani daga tarin da ke buɗe a kan tebur tun safe. Wanda ya yi sa'a ya wuce kuma shi ne mafi hatsari, domin yana buɗewa a ranar, mai shi ya biya ya tafi da murna, alhali lissafin gyaran kuskure yana aiki ne a iyakar ƙarfinsa tun daga ranar farko. Rini abu ne da zafi da hasken rana da danshi ke cinyewa sannu a hankali. Faifan da aka buga da kyau yana da rarar da zai jure wa wannan tsufa shekaru. Wanda aka buga cikin ƙura ba shi da rara, shekara biyu ko uku a cikin akwati mai zafi sun ishe shi. Faifan bikin da ya ƙi buɗewa yau, mai yiwuwa tun ranar da aka buga shi aka rubuta masa ajali.

Masu ilimin zamani suna da amsa a shirye ga duk wannan: zamanin faifai ya wuce. Kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daina zuwa da wurin saka shi, tun daga MacBook Air na 2008 sauran kamfanoni suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar faya-fayan fina-finan Hausa da ta cika Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu tura fina-finai a memori da waya suka gaje ta, YouTube kuma ya gaje su. To me ya sa mai hankali zai ɓata lokacinsa a kan goge idon na'urar da ba wanda ke saya?

Wannan hujja ita ce ta fi kowace rauni, kuma abin takaici daga bakin waɗanda suka fi kowa karatu take fitowa. Sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: mutuwar kasuwa da ƙaurar abin da ke cikin faifai. Kasuwa ta mutu, amma abin da ke ciki bai ƙaura ko'ina ba. Wajen shekaru goma sha biyar, daga farkon shekarun 2000, faifai ne ma'ajiyar talaka da mai kuɗi a wannan ƙasa. A kansa aka ɗora tafsirin azumi na malaman garuruwa waɗanda ba gidan rediyon da ya taɓa naɗar muryarsu, da musabaƙar Alƙur'ani ta matakin ƙaramar hukuma, da naɗin dagatai da masu unguwanni, da hawan salla, da kiɗan makaɗan ƙauye da suka riga mu gidan gaskiya, da kundin binciken ɗalibai, da takardun ofisoshi da makarantu. Fim ɗin da ya yi suna a birni yana da kwafi dubbai, wani zai ɗora shi a intanet ko ba dade. Walimar da aka yi a wani ƙauyen Kiru a 2007 kwafi ɗaya gare ta, ko biyu, kuma fuskar kakar da ke zaune a tabarma a cikin wannan bidiyo ba ta a wani wuri a duniya.

Su kansu manyan ba su tsira ba. Masana'antar da aka fara ƙirga tarihinta daga Turmin Danya a 1990 ta bi ta kaset, ta bi ta CD da DVD, kuma a kowace ƙaura an bar kaya a baya. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi dogon nazari a kan yadda lalacewar na'ura da dusashewar hoto saboda yawan kwafi suka zama ruwan dare a harkar bidiyo ta Kano, har jama'a suka saba da su. Sabo da lalacewa shi ne cutar. Idan birnin da ke da jami'o'i da Gidan Makama da hukumar tarihi ya yi asara, ina ga Bebeji da Doguwa?

Saboda haka mutuwar kasuwar ita ce ma babban dalilin kula da na'urar. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda faya-fayansa suka yi suna wajen inganci, ya daina yin su a ƙarshen 2015. Sony ya dakatar da yin faifan Blu-ray na ɗora bayanai a Fabrairun 2025. Na'urar karanta faifai da ta rage a wani shago a Tudun Wada ta tashi daga tsohon tarkace, ta koma gada guda da ta rage tsakanin abin da aka naɗa da wanda zai gani nan gaba. Da can idan ido ya mutu sai a aika Kano a sayo sabo. Kowace shekara wannan aike yana ƙara wuya.

Me ake yi wa wannan gada? Ana ajiye akwatin kwamfuta a ƙasa, ƙarƙashin tebur, daidai inda ƙafa ke tayar da ƙura, da fuskarsa tana kallon ƙofar da ke kallon titi. Fankokin da ke cikinsa aikinsu fitar da iska mai zafi ne ta baya, kuma duk iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta. Idan fankar fitarwa ta fi ta shigarwa ƙarfi, iskar waje takan kutsa ta kowace kafa, ciki har da bakin tiren faifai, ta bi ta kan ido kai tsaye. Wato kwamfutar tana shaƙar ƙurar shago ta cikin na'urar da ta fi komai tsoron ƙura, tun daga buɗewa har tashi. Maganin wannan ba sirri ba ne. A ɗaga akwatin a kan tebur, nesa da ƙofa da taga. A sa fankar shigarwa a gaba da 'yar matata, ko da yankin gidan sauro ne mai ƙananan idanu, yadda iskar da ke ciki za ta riƙa turowa waje ta kafofin maimakon ta ja ciki, a kuma riƙa wanke matatar duk mako a lokacin hunturu. A yayyafa ruwa kafin shara, kwamfuta tana kashe. A lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce, ba tana aiki ba. Na'urar da ake jonawa ta waje kuwa ta fi sauƙi: a gama aiki, a zare, a saka a leda mai zip, a jefa a aljihun tebur.

Tire kada ya zauna a buɗe fiye da daƙiƙun saka faifai. Tarin sababbin faya-fayai ya zauna da murfinsa, domin a bushewar hunturu roba tana tara irin wutar nan da ke sa rigar sanyi tartsatsi idan an cire ta, kuma wannan wuta tana janyo ƙura kamar maganaɗisu. A riƙe faifai ta gefe da ramin tsakiya. Kafin a buga, a hure fuskarsa da ƙwallon robar hura iska irin na masu kyamara. A zaɓi gudu matsakaici maimakon mafi sauri, kuma a bar manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta ta tabbatar, wanda shi ne matakin da mai shago mai layin jama'a ya fi tsallakewa.

Sai kuma masu gyara, waɗanda wani lokaci maganinsu ya fi cutar. Hura ido da baki feshin yawu ne. Fetur da tina suna cin roba, kuma idon yawancin waɗannan na'urori na roba ne, an rataye shi a kan wayoyi sirara da ke ba shi damar motsi sama da ƙasa. Dannawa kaɗan da tsinken auduga ta isa ta karkatar da shi. Faifan goge ido mai ɗan buroshi da ake tallarsa yakan share ƙurar sama, amma ba ya kai wa ga madubin da ke ƙarƙashin idon, ba ya cire maiƙo, kuma idan buroshin kansa ya ɗauki yashi to ƙarzuna zai bari. Abin da ya dace shi ne iska tukuna. Idan ba ta wadatar ba, sai auduga mai tsabta da aka ɗan jiƙa da sinadarin aisofurofil, a shafa ba tare da dannawa ba. Sandunan da ido ke zamewa a kansu a goge tsohon girisin da ya cakuɗe da ƙura, a sa sabo ɗan kaɗan. Duk wannan aikin minti ashirin ne ga wanda aka koya wa, sai dai ba a koyarwa, domin gyara a nan ana gadonsa ne ta kallo, kuma kuskure ma ana gadonsa.

Laifin masu shago da masu gyara ƙarami ne idan aka kwatanta da na waɗanda suka san darajar takarda da tarihi: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, lauyoyi, likitoci, 'yan jarida, 'ya'yan waɗannan garuruwa da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja. Su ne ke zuwa gida da salla, su ga tarin faya-fayai a cikin kwali a saman kabad, tsirara ba gida, wasu an rubuta musu suna da alƙalamin maka a bayansu, su wuce. A CD kuwa bayan nan da ake rubutu a kai shi ne wuri mafi rauni, domin bayanan suna dab da shi, fenti siriri ne kawai ya rufe su. Jagoran kula da faya-fayai da Fred Byers ya rubuta, wanda hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar a 2003, ya ba da shawarar a ajiye su a tsaye cikin gidajensu, a wuri mai sanyi da duhu. Ɗakin kwano a watan Afrilu kishiyar wannan ne ta kowace fuska.

Ba wanda ke cewa a ci gaba da dogara ga faifai. Masu adana bayanai suna da ƙa'ida sananniya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Memori da filash ma ba amintattu ba ne, suna iya zubar da abin da ke cikinsu idan aka bar su shekaru ba a jona ba. Waya tana ɓata, shafin intanet ana rufe shi. Amma kafin a yi maganar kwafi uku sai an fara samun na farko, shi kuwa ba ya fitowa sai ta idon na'ura mai tsabta. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda, ko ƙungiyar ci gaban gari, tana iya sayen na'urar waje biyu da rumbun ajiya biyu, ta samu ɗaki mai rufi da labule, ta sa matashi ɗaya ya riƙa karɓar faya-fayan jama'a yana kwashewa. Kuɗin bai kai na kujeru da rumfar taro guda ba.

Idan aka fara, akwai waɗanda ya kamata su shiga gaba a layi. Faifan da gefensa ya fara sauya launi, ko wanda idan an kara shi a haske ake ganin ƙananan huji a jikin azurfarsa, ko DVD da ɓarinsa biyu suka fara rabuwa daga ramin tsakiya, waɗannan ba za su jira wani hunturun ba. A wanke su da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa don yashin ya sauka da kansa, a tsane da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, a bari su bushe sarai. Wanda ya ƙi a na'ura ɗaya a gwada shi a ta biyu kafin a yanke ƙauna, domin idanu sun bambanta, kuma sau da yawa faifan da aka ce ya mutu lafiyarsa lau, idon da ke duba shi ne ya makance.